Butar shayi ko iPod: gwaninta ce ko jan rai a kashin Kirsimeti na The Office?

Alƙalamin_Zazzau:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Ga magana ga masu rubutun barkwanci. Kashin nan na The Office ta Amurka mai suna "Christmas Party", zango na 2 kashi na 10, wanda tashar NBC ta nuna ranar 6 ga Disamba 2005, kowa yabonsa yake yi. Ni kuwa abu biyu sun tsaya mini a rai. Na ɗaya, Pam, mai karɓar baƙi a ofishin, ta samu iPod (na'urar sauraren waƙa) ta dala 400, ta ɗauka ta ba Dwight, wani abokin aikinta, ta karɓi butar shayin da Jim, abokin aikinta mai sonta a ɓoye, ya saya mata, wadda ba ta wuce dala 20 ba. Wa zai yi haka? Na biyu, Jim ya rubuta kati ya amayar da abin da ke cikinsa, ya saka a kwalin butar, da kyautar ta iso hannunta kuma sai ya zare katin ya soke a aljihu. A ganina wannan jan rai ne kawai don shirin ya ƙara tsawo. Masana, ku warware mana.

Malam_Tsari:
Wa alaikumus salam. Mu fara da butar. Musayar ba daga sama ta faɗo ba, Michael Schur da ya rubuta kashin ya yi mata shimfiɗa hawa-hawa. Da farko an nuna Pam ta buɗe butar ta yi murna, tun kafin manaja Michael Scott ya sauya wasan ba da kyautar Kirsimetin ofishin. Kenan mai kallo ya san tana so. Sai aka bari ta yi abin da kowa zai yi: da dama ta samu, iPod ɗin ta ɗauka. Ba a mai da ita waliyiya ba. Sannan aka kawo Roy, saurayin Pam, wanda suka shekara 3 da baiko ba a sa rana ba, ya ce ai dama iPod ya yi niyyar saya mata, yanzu ya huta, wataƙila ya sayo mata rigar sanyi. A nan ne lissafinta ya juya. Namiji ɗaya ya zauna ya yi tunani a kanta, ɗaya kuma murna yake ya tsira da kuɗinsa. Kuma lura, Malam, lokacin da ta yi musayar ba ta san akwai komai cikin butar ba. Sai bayan ta karɓa Jim ya ce ta leƙa ciki.

Ummu_Sadiq:
Ƙari a kan na Malam_Tsari: an ba ta abin fakewa. Da take gaya wa Jim dalilin musayar, cewa ta yi ya wahala wajen nemo kyautar, kuma dama Roy zai saya mata iPod. Mace mai baiko ba za ta fito fili ta ce don kai na yi ba. In marubuci bai ba ta uzurin da za ta faɗa da baki ba, fitowar ta mutu, domin sai dai ta yi furuci, furuci kuwa lokacinsa bai yi ba.

DanMaliki77:
Kuma Roy bai sayo iPod ɗin ba 😂 A kashi na 12, "The Injury", wata mai araha ce a hannunta, Prism DuroSport, Dwight ne ma ya taya ta saita ta.

Hajiya_Edita:
Wanda bai san wasan kyautar ba ba zai gane inda rikicin ya taso ba, bari in shimfiɗa shi. Wasa biyu ne daban, Michael ya cakuɗa su.

Na farko shi ne Secret Santa. A rubuta sunan kowa a takarda, a zuba a kwano, kowa ya ciri ɗaya a ɓoye, ya sayo wa wanda ya cira kyautar da ta dace da shi. A ofishin nan an ƙayyade kada ta wuce dala 20.

Na biyu shi ne Yankee Swap. A wannan ba a saya wa wani takamaimai. Kowa ya kawo abin da zai yi wa kowa amfani, a naɗe, a tara a tsakiya. A ja lamba. Mai lamba 1 ya buɗe ɗaya. Mai lamba 2 ko ya buɗe sabuwa ko ya ƙwace ta hannun na farko. Wanda aka ƙwace wa ya sake zaɓa. Masu shirya shi da kyau sukan sa dokar cewa kyauta ɗaya ba a ƙwace ta fiye da sau 2 ko 3, kuma ba ka ƙwato abin da aka karɓe maka nan take.

Abin da ya lalata na Dunder Mifflin, kamfanin da suke wa aiki: an riga an buɗe wasu daga cikin kyaututtukan, kowa ya ga iPod ɗin. An saye su ne da sunan mutane, har akwai allon tebur da aka rubuta "Kelly" a jiki, ya ƙare a hannun Ryan. Sannan abu ɗaya ya ninka ƙa'ida sau 20. Da zarar an samu irin wannan tazara, wasan ya tashi daga zaɓi ya koma kokawar iPod, sauran kaya kuma sun zama abin da ake gudu a gaban waɗanda suka sayo su.

Bagobiri_Films:
Hajiya ta gama magana. Ga kuma dalilin da ya sa Michael ya sauya wasan: Phyllis ta saƙa masa safar hannu ta ɗauko tukunya daga tanda, da hannunta. Shi kuwa ya kashe dala 400 a kan Ryan, ma'aikacin wucin gadi, don a ce shi ne gwani. Ya ga an cuce shi. To ka duba yadda aka jera abin: safar Phyllis da butar Jim iri ɗaya ne, kaya masu araha da aka zuba zuciya a ciki. Michael ya wulaƙanta tasa har Phyllis ta bar wurin da ɓacin rai, Pam kuma ta bar mai tsada ta koma wa tata. Labarin dariyar da na soyayyar tambaya ɗaya suke amsawa, shi ya sa minti 21 zuwa 22 ya ishe su. Inda marubutanmu ke faɗuwa shi ne su kawo labarin fati daban, na masoya daban, su yi ta tsalle tsakaninsu.

Alƙalamin_Zazzau:
To, na ji na butar. Katin fa? Babu wanda ya taɓa shi.

Malam_Tsari:
Katin na lokacin da Jim yake zaton abin zai tafi yadda ya tsara ne: ta buɗe, ta yi murna, ta karanta. Tsakanin rubutawa da miƙawa ya ga abin da bai zata ba. Ya ga ta zaɓi iPod a kan kyautarsa a gaban jama'a. Ya ga butar ta faɗa hannun Dwight, wanda ya ce hancinsa zai dinga wankewa da ita, har ya zura bakinta a hanci. Ya roƙe shi musaya ya ƙi. Ga Roy a wurin fatin. Mutumin da aka girgiza haka a yini ɗaya, ƙarfin halin da ya zo da shi da safe ya zube. Zare katin ya dace da halinsa, ba dole aka yi masa ba.

Sarkin_Gardama:
Ban yarda ba. Ai a daidai wannan lokacin ne ya samu babbar alama cewa tana tare da shi, ta bar dala 400 saboda shi. Mai hankali a nan zai ƙara ƙaimi, ba ja da baya ba. Gaskiyar magana zangon kashi 22 ne, wannan na 10, suna ajiye furucin don kashin ƙarshe, "Casino Night", na 11 ga Mayu 2006. Kasuwa ce, a daina yi mata ado.

Ummu_Sadiq:
Yaya Sarkin_Gardama, ka juya abin. Kafin ta dawo da butar, Jim ba shi da abin da zai rasa. Bayan ta dawo da ita tana dariya a kan hotonsa na makarantar sakandare, yanzu yana da shi. In ta karanta ta ce a'a, wannan dariyar da zaman gaban teburinta kullum sun ƙare. Kuma fargabarsa ta tabbata: da ya furta a filin ajiye motoci a ƙarshen zangon, ce masa ta yi ba za ta iya ba, ya tattara ya koma reshen Stamford.

Sarkin_Gardama:
Duk da haka sai 9 ga Mayu 2013 aka dawo da katin, a zango na 9. Shekara 7 da ɗoriya. Sun yi aure tun 2009, har da 'ya'ya 2, kati na nan a ajiye? Kuma da ya ba ta ba a nuna mana abin da ke ciki ba. Wannan in ba rowa ba mene ne?

Kyamara_Biyu:
Rashin nunawar daidai ne. Duk jimlar da za a rubuta ba za ta kai wadda mai kallo ya shekara 7 yana rubutawa a ransa ba. Jenna Fischer, wadda ta fito a matsayin Pam, ta faɗa a shirinsu na Office Ladies, wanda suke yi da abokiyar wasanta Angela Kinsey, cewa abin da ke takardar a ranar ɗauka saƙon ban-kwana ne da John Krasinski, mai fitowa a matsayin Jim, ya rubuta mata ita kanta, ba Jim ga Pam ba. Dabarar aiki ce: kana son hawaye na gaske a ɗauka ta farko, ka ba ɗan wasa abin da bai taɓa gani ba.

Amma ni ɓangaren kyamara nake so mu duba, domin zare katin aikinta ne. Shirin an gina shi a kan cewa wasu masu ɗaukar shirin gaskiya ne ke bin ma'aikatan. Babu dariyar da ake sakawa a bayan fage, babu 'yan kallo a wurin ɗauka. Kyamara a kafaɗa take, galibi biyu a lokaci guda, ɗaya tana bin mai magana, ɗaya tana farautar fuskar mai saurare. Randall Einhorn da ya jagoranci ɗaukar hoton a shekarun farko daga shirin Survivor ya zo, ya saba da bin abin da ba a tsara ba. Ƙa'idarsu: in abu na sirri ne, a ɗauke shi daga nesa da zuƙowa, ko ta tsakanin labulen taga, kamar an leƙo. Idon Pam na kan kayan cikin butar, hannun Jim ya sauka kan katin, kyamara ta gani, ita ba ta gani ba. Mai kallo ya zama shi kaɗai ne shaida. In ka ɗauki fitowar nan da kyamara a kan ƙafafunta, ka sa kiɗan tausayi, ka zuƙo aljihun a hankali, ka kashe ta.

Hajiya_Edita:
Da hirar gefe, inda ɗan wasa ke zama shi kaɗai yana magana da kyamara. Amfaninta a nan: tun farkon kashin Jim ya nuna mana abin da ya zuba a butar, hoton nan da ƙullin yajin ruwa da Pam ta taɓa zubawa a abinci tana zaton miyar tumatir ce, da katin. Saboda haka duk lokacin da butar ta sauya hannu gaban mai kallo faɗuwa yake, don ya san abin da ke ciki. Kuskuren masu kwaikwayon salon shi ne su sa ɗan wasa ya maimaita abin da muka gani yanzun nan. Hirar gefe ko ta ba mu sirri, ko ta ƙaryata abin da mutum ya yi a fili. In ba ta yi ɗaya daga ciki ba, a yanke.

Zainabu_Abu:
Ana ta Jim da Pam, an manta soyayya 3 ce a kashin. A nan aka fara ganin Bob Vance, saurayin Phyllis, mai kamfanin firiji a ginin, wanda duk wanda ya gaisa da shi sai ya faɗi sunansa da na kamfaninsa. Su ba ɓoye-ɓoye, a zango na 3 suka yi aure. Sai Angela da Dwight da ke yin tasu a ɓoye. Kelly ta sha ta sumbaci Dwight, Angela ta gani ba ta da bakin magana, sai ta fita waje ta dinga farfasa kayan adon Kirsimeti. Ɗaya a fili, ɗaya a ɓoye, ɗaya ko masu yinta ba su amsa sunanta ba. Ta Phyllis da ta Angela, kowacce fitowa kaɗan kawai ta ci.

DanMaliki77:
Kevin ne ya fi kowa wayo, sunansa ya cira ya yi shiru ya sayo wa kansa na'urar gasa ƙafa. Creed kuwa ya manta, ya cusa tsohuwar rigarsa a leda ya miƙa wa Jim.

Dattijon_Slough:
Yara, duk wannan ai gado ne. Asalin shirin na Ingila ne, Ricky Gervais da Stephen Merchant, BBC, 2001 zuwa 2003. Kashi 12 kacal sai na musamman guda 2 na Kirsimetin 2003. A can ma kyautar ɓoye ce ta warware soyayyar. Tim ya ba Dawn, mai karɓar baƙi, akwatin fentin zane, saboda ya san burinta ta zama mai zane. Ta buɗe a cikin tasi bayan ta bar fatin da saurayinta Lee, ta juyo ta dawo. Bambancin shi ne na Ingila rufe shiri suke, dole kyautar ta yi aiki a daren. Na Amurka yanzu suka fara, sun kai kashi 201 a ƙarshe. Kaya ɗaya, aiki biyu. Don haka Sarkin_Gardama yana da gaskiya cewa tsawon shiri ne ya hukunta, amma hakan bai mai da shi aibi ba.

Sarkin_Gardama:
Na gode Baba. Ko ba komai an yarda kasuwa na ciki. Kuma iPod mai bidiyo a Oktoban 2005 ta fito, a Disambar aka fara sayar da shirin a iTunes, shagon intanet na kamfanin Apple mai iPod ɗin, kan dala 1.99 kowane kashi. Ku ce min wannan ma fasaha ce.

Malam_Tsari:
Ko talla ce, an sa ta aiki. Cire iPod ɗin ka gani ko kashin zai tsaya.

Abu_Hanifa_Kn:
Ni tambayata daban. Masu son ɗauko wannan tsari su yi da Hausa, kun lura da matsala biyu? Pam da baikon wani a kanta, nema cikin nema kuwa an hana. Mai kallonmu ba zai tausaya wa Jim ba, maci amana zai kira shi. Na biyu giyar. Rabin ƙarshe na kashin a kanta ya tsaya, kwalba 15 ta vodka ga mutum 20. Wannan ko kusa da Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ba zai je ba.

Bagobiri_Films:
Tambaya mai kyau, Malam. Kada a kwafi kayan, a duba aikin da suke yi. Giyar aiki 2 take: manaja ya karya dokar hedkwata don ya sayi soyayyar ma'aikatan da ya ɓata wa rai, kuma ta kwance bakin mutane. Ka tuna abin da ya fusata su: ya suɓutar da baki cewa garaɓasar dala 3000 ya samu bayan ya sallami Devon, abokin aikinsu. A namu ofishin taron na iya zama shan ruwa a watan azumi, ko walimar wanda zai yi ritaya, ko rabon kayan Sallah. Abin kwance baki kuma ba sai kwalba ba. Buhu 12 ga mutum 15 ya isa kowa ya faɗi abin da ya shekara yana haɗiyewa. Ko a ɗauke wuta, janareta ba mai, a zauna a duhu ana jiran abinci.

Baikon kuma sai a sauya shingen. Abin da ake buƙata dalili ne mai ƙarfi da zai hana furuci alhali kullum suna ganin juna. Misali shi ne ƙaramin ma'aikaci ita ce gaba da shi, ko ita 'yar uwar oga ce, ko dokar wurin ta ce in ma'aikata biyu suka yi aure ɗaya zai bar reshen. Saudiyya ma sun yi nasu a 2022 mai suna Al Maktab, Indiya a 2019, kowa ya gyara ya dace da gidansa.

Ummu_Sadiq:
Amma a kula, shingen ya zama wanda mai kallo zai gaskata. In abin da kiran waya ɗaya zuwa ga kawu zai warware ne, ba zai ɗauki kashi 5 ba, balle 22.

Hajiya_Edita:
Ta fuskar kuɗi ma kashin fati sauƙi ne: ofis ɗaya, kaya ɗaya a jikin kowa, yini ɗaya a labari. Wahalarsa a ci gaban hoto take. Mutum kusan 15 a da'ira, kaya na yawo daga hannu zuwa hannu. Dole mai kula da ci gaba ya riƙe jadawali: a zagaye na kaza wa ke riƙe da me, wa ke zaune kusa da wa, kofin wa ya kai rabi. In ba haka ba ranar tacewa za ka ga buta a hannun mutum biyu, kuma ba ka da hoton fuskar da za ka rufe yankan da shi. Ku ɗauki fuskokin masu saurare da yawa, ko da ba su da magana. Su ne ke ceton edita.

Zainabu_Abu:
Wani abu da ba a ambata ba: ƙarshen Michael. A kashin da ya gabata, na 9, Jim ya yi fati a gidansa bai gayyace shi ba. A wannan, da za su wuce mashayar Poor Richard's, an ce ya zo. Wannan ne gyaran da Greg Daniels, jagoran shirin na Amurka, da mutanensa suka yi bayan zango na 1 mai kashi 6, inda manajan ya yi tsauri da yawa: duk ɓarnar da zai yi, a bar masa ɗan abin da zai sa a tausaya masa. A shekarar 2006 suka ci lambar yabo ta Emmy ta gwarzon shirin barkwanci.

Alƙalamin_Zazzau:
Allah ya saka da alheri, an ƙaru. Butar ta zauna min. Katin dai har yanzu ina tare da Sarkin_Gardama rabi. Zarewar na fahimta, amma barin sa zango 7 ba a ko ambace shi ba, ya fi kama da mantuwa da aka tuna daga baya.

Kyamara_Biyu:
Ko mantuwar ce, ba sabon abu ba ne a ɗakin marubuta. Ana dasa abu da yawa ba a san wanda zai fito ba. Sharaɗin kawai a dasa shi a fili yadda in an dawo gare shi mai kallo zai tuna, kuma an sake nuna hoton zarewar a 2013 kafin a miƙa katin.

Sarkin_Gardama:
Sake nunawar ai ita ce hujjata. Abin da sai an tuna maka, ka manta kenan.

Malam_Tsari:
Wanda zai yanke hukunci ya kalli kashi na 11, "Booze Cruise", tukuna. A saman jirgin ruwan nan Jim ya sake samun dama, su biyu kaɗai, aka bar su shiru na daƙiƙa 27 ba a yanke ba, bai iya cewa komai ba. Daren nan Roy ya sa ranar 10 ga Yuni. Ku haɗa shi da katin ku gani ko hali ɗaya ne ko a'a.

DanMaliki77:
Ni dai har yanzu Phyllis nake tausayi. Safar nan ma Michael yaudarar Meredith ya yi da yabo har ta ɗauka, shi kuma ya ƙare da darasin harbin fenti a wurin Dwight.